Idon Yaya da Gidan da Aka Kore Mu a Tunis

Tun da muka dawo daga Tunis ban samu sakat ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan suna tambaya, ranar nan har mai adaidaita sahun da ke kai ni makaranta ya rage gudu ya waiwayo ya ce, "Malama, wai da gaske ne an kore ku daga gida?" A Gumel labari ba ya daɗewa bai zagaya gari ba, kuma kafin ya dawo wurin mai shi ya canza kama. Na ji an ce an tsare mu, na ji an ce na mari ɗan sanda. Ban mari kowa ba, ko da yake akwai ranar da hannuna ya yi ƙaiƙayi. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, in huta.

Sunana Hajara, ina koyar da darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa a wata sakandaren 'yan mata. Wanda na raka yayana ne, Alaramma Mamman, mai makarantar allo a Gagarawa. Idonsa na hagu ya daɗe da tafiya, da na dama yake karatu da rubutu. A farkon daminar nan ya fara cewa yana ganin wani abu kamar baƙin labule yana sauko masa ta gefe. Likitan da ya duba shi a Kano ya ce tantanin cikin idon ne yake ɗayewa, in ba a yi aiki da wuri ba shi ma zai tafi. Ranar aikin da aka ba mu a Kano ta yi nisa. Sai Abdu, ɗan gwaggonmu da ke Damagaram, mai sayar da kayan gyaran mota, ya ce mu zo ya kai mu Tunis, ya taɓa raka mutum biyu can kuma yana jin Faransanci. Dangi da tsofaffin ɗaliban Yaya suka haɗa ƙarfi. Ni aka zaɓa in bi su saboda lokacin dogon hutu ne, kuma ina da ɗan Larabcina na kwaleji. Wahalar neman biza a Abuja ba zan ma taɓo ta ba, don raina zai ɓaci tun ba mu tashi ba.

Ana gobe tafiya muka je Sule Tankarkar yi wa Innarmu sallama. Ta tara mana garin tuwo, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa ƙulli uku. Na ce, "Inna, jirgi fa za mu hau." Ta ce jirgin ba ya ɗaukar masu cin tuwo ne? Sannan ta dafa kan Yaya ta ce, "Ku kwantar da hankalinku. Ƙasar Larabawa za ku, mutumin da ya haddace Littafi ai a ka za su ɗauke shi." Yaya ya yi murmushi. Na ga alama shi ma haka yake zato.

Abdu ne ya zaɓi ranar tafiya, kuma ya zaɓi Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Wanda ya san garin ya san abin da nake nufi. Tirelolin shanu sun toshe hanya tun daga bakin gari, raƙuma suna ratsawa tsakanin motoci, ga ruwan sama da aka yi da asuba ya mai da ko'ina caɓi. Tafiyar da ba ta kai ta kawo ba daga Gumel sai da ta cinye mana safiya. Na kira Abdu na zazzage shi, ya ce, "Taubashiya, ku mutanen Najeriya komai sai kun yi faɗa. Ina nan ƙetare ina shan shayi."

A ɓangarenmu na iyaka ba a ɓata mana lokaci ba. A ƙetare wani jandarma ya karɓi fasfo ɗinmu ya shiga zuba mana Faransanci. Na ce ba na ji, ya ƙara sauri. Na nuna masa takardar asibiti, ya juya ta gaba da baya, ya ci gaba da yarensa. Mun kai minti goma a haka, sai wani direba ya wuce ya durƙusa ya ce, "Alaramma, barka da hanya." Nan take jandarman ya cire hula, ya ce da Hausa tsantsa, "Ashe Malam ne? Don Allah a sa mu a addu'a, matata na da tsohon ciki."

Na ce, "To da can me ya hana ka yi mana Hausar?"

Ya ce, "Madam, wancan aiki ne."

Yaya ya yi masa addu'a mai tsawo, ni kuwa ina tsaye ina cika ina batsewa.

Muka kwana a Damagaram gidan Gwaggo, da asuba muka hau babbar motar Yamai. Wuni guda cur muna zaune, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutse, duk inda aka tsaya sai a sauko a nuna takarda a koma. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Abin da na yaba musu shi ne mota tana tashi a kan lokaci, kuma kujerar mutum ɗaya ta mutum ɗaya ce. Kwana biyu muka yi a Yamai, sannan muka hau jirgi.

A filin jirgin Tunis muka fara ganin abin da Inna ba ta lissafa da shi ba. Da aka zo wurin duba fasfo, duk wani baƙar fata da ke cikin jirgin nan aka ce ya koma gefe. Sauran suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, mu muna tsaye jikin bango kamar masu jiran hukunci. Mutum uku daban-daban suka tambaye ni tikitin komawa da takardar asibiti, kowanne na nuna masa, kowanne ya juya ya tafi. Yaya ba ya gani sosai, sai tambaya yake, "Hajara, layin ba ya tafiya ne?" Na ce yana tafiya, mu ne ba ma cikinsa.

Bayan awa biyu aka sake mu zuwa wurin kwastan, nan kuma daddawar Inna ta tona mana asiri. Matar da ta kwance ƙullin ta ja da baya ta toshe hanci, ta kira abokan aikinta su zo su gani. Yaya ya gyara tsayuwa ya yi musu bayani da Larabcin littafi cewa 'ya'yan itace ne da ake dafawa a sa a miya. Suka saurare shi baki buɗe, sannan suka jefa ƙulli ukun a kwandon shara. Kuka kuwa sai da na lasa a gabansu kafin suka yarda ba wani abu ba ne. Na fito da koren baki, Abdu yana dariya har da riƙe ciki.

A waje tasi biyar muka tsayar. Kowacce sai ta rage gudu, direban ya dube mu, ya taka mota, ya tsaya wa wani a gaba. Ta shida wani dattijo ne, ya fito da kansa ya kama hannun Yaya ya shigar da shi.

Masaukin da Abdu ya kama ta waya ɗaki biyu ne da kicin a hawa na biyu, kusa da asibiti. Mai gidan yana jiranmu a ƙofa da makulli a hannu da fara'a a fuska. Da muka fito daga mota fara'ar ta ɗauke. Ya dubi Abdu ya ce, "Kai ne na yi magana da kai? Ba ka gaya mini 'yan Afirka ba ne."

Na ce da Larabcina, "Shi gidan naka a wace nahiya yake?"

Abdu ya take mini ƙafa, kumburarriyar kuwa. Da yake an riga an yi yarjejeniya a rubuce, mai gidan ya miƙa makullin da 'yan yatsu biyu ya juya. Daga baya na gane haka suke kiran duk baƙin mutum, ɗan Afirka, su kuma ban san inda suka ajiye kansu ba.

Kada in yi musu rashin adalci, garin yana da tsabta da tsari, ruwa da wuta ba sa ɗaukewa sai in wani ya ɗauke maka da gangan. Abincinsu kuskus ne da kifi ko nama, da wani jan yaji mai laushi da suke kira harisa, sai burodi. Da safe burodi, da rana burodi, miya ma da burodi ake ɗiba. Kwana uku Yaya ya ce, "Wai mutanen nan yaushe suke cin abinci?" Na tuƙa masa tuwo da miyar kuka ba daddawa, ya ci yana girgiza kai. Gaisuwarsu gajera ce, kalma biyu an wuce. Mu da za mu tambayi gida da gajiya da damina da yara, sai ka ga mutum yana kallon agogo. Maza kuwa su cika shagunan shayi tun safe, kowa da ɗan kofinsa kamar murfin kwalba, a zauna a kai har azahar. Akwai wata mai shagon kayan miya a ƙasan benenmu, Halima, farar mace mai jiki. Kullum na je sai ta ƙara mini zaitun ko ɓaure, ta ce in kai wa Shehi.

A hanyar asibiti yara sukan bi mu suna kiran wata kalma, "kahlush, kahlush." Wani lokaci har manya daga cikin mota. Yaya ya ɗauka gaisuwa ce, duk wanda ya faɗa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Wa alaikumus salam." Ni jikina ya ba ni ba alheri ba ne, amma ban san ma'anar ba.

Asibitin kam ba ni da abin cewa. Likitan ya duba Yaya a tsanake, ya zana mana hoton ido a takarda ya nuna inda ya ɗaye, ya sa ranar aiki bayan kwana huɗu. Nas ɗin da ke kula da mu baƙa ce kamar ni, doguwa, sunanta Sa'adiyya. Da na gan ta na ji sanyi a raina, na kama hannunta na ce, "'Yar'uwa, daga wace ƙasa kika zo?"

Ta zare hannunta a hankali ta ce, "Daga nan. Ubana daga nan, kakana daga nan, kakan kakana daga nan. Kullum sai an yi mini tambayar nan, yau kuma har da ke."

Kunya ta rufe ni. Na ba ta haƙuri, ta yi dariya ta ce ya wuce. Ita na tambaya ma'anar kalmar da yara ke kiranmu. Ta dubi Yaya, ta rage murya ta ce zagi ne da ake yi wa baƙi, kamar a ce ɗan baƙin nan, ita ma da shi ta girma. Ban gaya wa Yaya ba. Ashe ya ji. Washegari da yaran suka kira, bai ɗaga hannu ba, ya dai ƙara riƙe kafaɗar Abdu.

Aka yi aiki lafiya. Likita ya ce sharaɗi ɗaya ne, Yaya zai kwanta rub da ciki, fuska a ƙasa, kwana goma, ba ya ɗagowa sai don cin abinci da zagayawa. An sa masa iska a cikin idon da za ta danne tantanin ya koma wurinsa, in ya yi ta motsi aikin zai lalace. Jirgi ma ba zai hau ba sai iskar ta baje. Aka ba mu wani matashi mai rami a tsakiya. Ko salla da ishara yake yi.

Rana ta uku bayan la'asar aka buga ƙofa. Mai gidan ne da wasu maza biyu, maƙwabta. Ya ce mu tattara kayanmu, gobe da safe yana son gidansa. Abdu ya tambayi laifinmu. Ya ce maƙwabta ba sa son baƙaƙe a benen, kuma shi ba ya son rigima da hukuma a kan ajiye marasa takarda. Na ɗauko fasfo uku na buɗe shafin biza na miƙa masa har kusa da hanci. Ya kau da kai. Na matsa gefe na nuna masa Yaya a kwance, na ce, "Dubi mutumin nan. In ya tashi zai makance." Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce, da ƙarfi yadda duk benen zai ji, wannan ba asibitin bayi ba ne.

Wannan ce ranar da hannuna ya yi ƙaiƙayi. Daga cikin ɗaki Yaya ya ce, murya a toshe cikin matashi, "Hajara, shigo ki rufe ƙofa."

Muka ƙi fita. Da safe muka tarar an rufe mana ruwa an cire wuta, ga zafin garin kamar na watan azumi a bazara. Kafin azahar rigar Yaya ta jiƙe sharkaf, gumi yana gangarowa wajen bandejin. Na kira Sa'adiyya ina kuka, kukan haushi. Tana tashi daga aiki ta zo da motar babanta. Ta ce abu biyu za a yi, a fitar da Shehi tukuna, sannan a kai ƙara, don ƙasarsu tana da doka a kan wannan.

Yadda muka sauko da Yaya daga hawa na biyu ba zan manta ba. Yana tafe a sunkuye kamar mai ruku'u, Abdu ya riƙe goshinsa, ni ina ƙirga masa matakala. Maƙwabta suna leƙe ta taga, ba wanda ya ce sannu. Halima mai shago ce kaɗai ta fito ta riƙe mana ƙofar mota, tana faɗa da mutanen sama da hannu da baki. Muka kwantar da shi a kujerar baya, fuskarsa a kan matashi a cinyata, Sa'adiyya tana tuƙi a hankali ana ta yi mata hon, har unguwarsu a bayan gari. Iyayenta suka ba mu ɗakinsu, su suka koma falo.

Maganar doka kuwa, ai fagena ne. Shekara da shekaru ina rubuta wa 'yan mata a allo cewa akwai yarjejeniyar ƙasashen duniya da ta haramta wariya saboda launin fata ko asali, ƙasarmu ta sa hannu, kuma lokaci-lokaci kowace ƙasa takan je ta ba da bayanin inda ta kai. Tunisiya ma ta sa hannu, har ta yi dokarta ta musamman da ke hukunta mai yin wariyar, abin da ƙasashe da yawa ba su yi ba. Don haka na tafi ofishin 'yan sanda da ƙarfin gwiwa.

Zuwan farko jami'in ya saurare mu yana danna waya, ya ce wannan rigimar haya ce, mu je mu sasanta. Zuwa na biyu aka ce mai rubuta irin wannan ƙarar ba ya nan. Nan na kasa haƙuri, na miƙe na karanto musu yarjejeniyar da Larabcin kwaleji, da ɗamma da fataha ko'ina a wurinsa. Ofishin ya yi tsit. Da na gama wani daga baya ya ce, "Wallahi kamar mai karanta labarai a talabijin." Aka fashe da dariya. Abdu ya ja ni waje, yana cewa, "Taubashiya, sun ce kin iya, mu tafi."

Zuwa na uku Sa'adiyya ta haɗa mu da ƙawarta lauya, wata 'yar siririya mai tabarau, farar Balarabiya, wadda ta saba bin irin wannan shari'a. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye kwafin dokar a kan tebur, ta sa yatsa a kan sashen, ta ce wa jami'in ko ya rubuta, ko ya ba ta a rubuce cewa ya ƙi. Ya dube ta, ya dubi takardar, ya jawo na'urarsa. Ya ce to ina shaida? Sai ga Halima ta shigo da ledar cefane a hannu, ta rufe shagonta ta biyo mu. Ta faɗi duk abin da ta ji a benen, har kalmar bayi, ba ta rage ko ɗaya ba. Na san a unguwar nan take ci take sha, kuma mutanen nan ne masu sayen kayanta.

Aka kira mai gidan. Ya zo da kwat, ya rantse shi ba ya wariya, yana da aboki baƙi tun suna makaranta, warin girkinmu ne ya dami mutane. Na ce wane wari, daddawar ma tana kwandon sharar filin jirgi? Ba wanda ya gane abin da nake nufi sai Abdu. Aka rubuta komai, aka buga hatimi, aka ba mu kwafi. Jami'in da ya yi mini dariya shekaranjiya shi ne ya raka mu ƙofa, ya ce a gai da mara lafiya. Ranar zaman kotu kuwa sai aka sa ta wata biyu bayan ƙarewar bizarmu. Lauyar ta ce za ta tsaya mana. Zuwa yau an ɗage zaman sau biyu, na biyun wai saboda masu ƙara ba su halarta ba. Masu ƙara suna Gumel da Gagarawa da Damagaram. To ga amsar masu tambayata ko dokar tana aiki: takarda ta samu, hatimi ya samu, amma da ba don nas da mai shago da lauya ba, da a kan titi Yaya zai ƙarasa kwana gomansa.

Mako uku muka yi a gidan su Sa'adiyya. Babanta, Baba Mabruk, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Kullum da hantsi yakan jawo kujera kusa da gadon Yaya ya ce a karanta masa, Yaya yana karatu fuska a ƙasa, tsohon yana share hawaye. Wata rana ya nuna mini katin shaidarsa. A jikin sunan gidansu akwai wata kalma da ke nufin 'yantaccen bawan gidan wane. Ya ce yanzu kotu takan yarda a cire, wasu sun cire, Sa'adiyya tana ta matsa masa, shi kuwa ya gaji da hawa matakalar ofisoshi. Sai ya tambaye ni, "Ku a ƙasarku akwai irin wannan?"

Na ce, "A'a, Baba. Mu ai duk baƙaƙe ne."

Yaya ya yi gyaran murya a cikin matashinsa.

Ranar da aka cire bandeji likita ya ɗaga masa allon haruffa. Ya karanta layi uku na sama, na huɗu ya gagara. Likita ya ce ba zai koma kamar da ba, amma da tabarau zai karanta manyan baƙaƙe, zai kuma gane fuskar mutum. Yaya ya juya ya dubi Sa'adiyya da kyau a karon farko, ya ce, "Ashe ke ce." Ya yi mata addu'a har sai da ta fita daga ɗakin.

Dawowa ta fi sauƙi, ko don mun saba ne. Muka rabu da Abdu a Damagaram, muka ƙetaro Maigatari ranar Talata da hantsi, gari shiru. A tasha muka shiga motar Gumel, saura mutum ɗaya ta cika. Yaya yana gaba, ni ina baya da wata mata da wani mai shadda. Sai ga wata Bafulatana irin masu yawon kiwo, da jariri a goye yana numfashi da ƙyar, ta ce asibitin Gumel za ta. Ɗan kamasho ya dube ta sama da ƙasa ya buɗe but ɗin mota, ya ce ta shiga nan kusa da buhuna.

Ta ce, "Ga wuri a ciki."

Mai shaddar ya ce, "Haba, warin man shanun nan za mu shaƙa har Gumel? Mutanen nan ba sa wanka. Ta shiga baya, ai sun saba."

Matar da ke kusa da ni ta yi dariya. Ni na gaji, ƙafafuna sun sake kumbura, gida kawai nake so. Na kau da kai.

Sai na ji ƙofar gaba ta buɗe. Yaya ya fito yana laluben jikin mota, ya ce wa ɗan kamashon, "Sauke mana kayanmu."

"Alaramma, lafiya?"

"In a but za ta zauna, ni ba na tafiya. Ko kuwa ni in shiga but ɗin, ta zauna a gaba. Zaɓi ɗaya."

Mutane suka fara taruwa, wasu sun san shi. Ɗan kamashon ya shiga ba da haƙuri, wai wasa yake yi. Mai shaddar ya matsa jikin ƙofa yana gunaguni, Bafulatanar ta shigo ta zauna kusa da ni, ta sauko da jaririn kan cinyarta. Har muka iso ina jin numfashin yaron a kunnena.

A mahaɗar asibiti direba ya tsaya. Na fita don in ba Bafulatanar hanya, na ce mata, "Allah ya ba shi lafiya. Ki yi haƙuri da abin da mutanen nan suka yi miki."

Ta gyara goyonta, ta ɗaure zani. Sannan ta dube ni ido cikin ido ta ce da Hausarta mai karyewa, "Ke ma kin janye mayafinki da na zauna. Na gani."

Ta tsallaka titi ta shige ƙofar asibiti. Na tsaya riƙe da ƙofar mota har direba ya yi mini hon. Gaskiya ta faɗa, na janye.